Wa Ya Ce Duk Bahaushe Naira Yake Kashewa?

Kowace manhaja da ake girkawa a kwamfutar tebur tana da wani ɗan kundi na ɓoye inda take rubuta abin da ta sani game da mai aiki da ita: harshen da zai ga rubutu da shi, girman haruffa, takardun da ya buɗe jiya, irin kuɗin da yake lissafi da su, da yadda yake jera rana da wata da shekara. Wannan kundi shi ake kira saiti. Masu rubuta manhaja sukan ɗauke shi aikin ƙarshe, irin sharar tsakar gida da ake yi bayan magina sun tashi. Wannan raini ne mai tsada, domin a cikin saiti ne manhaja take yanke hukunci a kan ko wane ne mutumin da ke zaune gabanta. Hukuncin da take yanke wa Bahaushen unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde kuwa hukuncin zalunci ne. Hanya biyu kawai take buɗe masa: ko ya zama Bafaranshe, ko ya zama ɗan Najeriya.

Briqueterie ba ɓoyayyen wuri ba ne ga wanda ya san tarihin fatauci. Bayan Jamusawa sun kafa sansaninsu a Yawunde a ƙarshen shekarun 1880, fataken Hausawa suka biyo hanyar Adamawa suka gangaro kudu, suka yi zango, zangon ya zama gida. Sunan wurin na asali Ekoudou, shi kuwa sunan Briqueterie ya samo tushe daga ma'aikatar tubali da aka yi a can zamanin Turawa. Yau unguwar tana cikin gunduma ta biyu ta birnin, da babban masallacinta, da layukan teloli, da masu sayar da yadi, da masu gashin tsire wanda mutanen Kamaru ke kira soya. Yaron da aka haifa a can yana jin Hausa a gida, yana jin Fulatanci a bakin maƙwabta, yana biya allo da Larabci, yana karatun boko da Faransanci, kuma duk abin da zai saya da sefa zai saye shi. Babu wani abin mamaki a cikin wannan. Abin mamakin shi ne yadda kwamfuta ta kasa ɗaukar bayanin da ƙaramin yaro ke ɗauka ba tare da an koya masa ba.

A ɗauki taskar Qt misali. Taska a nan na nufin tarin kayan aiki da aka riga aka ƙera, wanda marubucin manhaja ke ɗiba yana haɗawa maimakon ya fara komai daga tushe, kamar yadda tela ba ya saƙa yadin da zai ɗinka. Wasu mutum biyu 'yan ƙasar Norway, Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng, su suka fara Qt, ta fito ga jama'a a 1995, kuma da ita aka gina fuskar VLC da VirtualBox da teburin KDE. An zaɓe ta a nan saboda ta fi yawancin takwarorinta tsabtar aiki. Abin da ya kama mai tsabta kuwa ya kama kowa.

Sashen Qt da ke kula da saiti sunansa QSettings. Aikinsa mai sauƙin fahimta ne. Kowane saiti yana da suna da ƙima: sunan ya ce «harshe», ƙimar ta ce «ha». Marubucin manhaja yana ba da sunan ƙungiyarsa da sunan manhajarsa, ita kuma taska ta san inda za ta adana. A Windows tana rubutawa cikin rajista, ƙarƙashin HKEY_CURRENT_USER. A Linux tana buɗe ɗan fayil na rubutu zalla a cikin foldar .config ta gidan mai amfani. A kwamfutocin Apple tana amfani da fayilolin plist. Idan manhaja ta tashi neman wata ƙima, taskar tana hawa tsani mai matakai huɗu: ta duba abin da wannan mutum ya zaɓa wa wannan manhaja, in babu, ta duba abin da ya zaɓa wa dukan manhajojin ƙungiyar, in babu, ta duba abin da mai kwamfutar ya shimfiɗa wa kowa game da manhajar, in babu, ta duba na ƙungiyar baki ɗaya. Idan duk huɗun ba su ce komai ba, sai ta koma ga ƙimar da marubucin ya rubuta da hannunsa a cikin manhajar tun ranar da yake ƙera ta.

Wannan mataki na biyar shi ne fagen daga, domin a kansa mafi yawan mutane suke tsaye har abada. Ya kamata ɗalibin Hausa ya tsaya a nan ya lura da wata ɓarna ta fassara. Kalmar Ingilishi da ke nufin abin da manhaja ke yi idan ba a ce mata komai ba, an sha fassara ta da «tsoho». Fassara ce marar kai. Tsoho a Hausa shi ne mai shekaru, ko abin da ya jiƙata, kishiyar sabo. Wanda ya ga «tsohon harshe» a fuskar kwamfuta zai zaci harshen da aka daina ne, alhali ana nufin harshen da yake aiki yanzu-yanzu. «Saitin asali» ya fi kusa, ko «zaɓin da aka tarar». Na biyun ma ya fi gaskiya, domin yana tuna wa mai karatu cewa zaɓi ne, kuma wani mahaluki ne ya yi shi, a wani ofis, da nasa zato game da mutanen duniya.

To, wane zato ne aka yi game da Bahaushe? Kwamfuta ba ta sanin harshe shi kaɗai. Tana haɗa shi da ƙasa ta yi abin da za a iya kira bayanin yanki. Alamar Hausa «ha» ce, ta Najeriya «NG», sai a sami ha_NG. Qt tana ɗauko waɗannan bayanai daga babbar ma'ajiya ta ƙungiyar Unicode mai suna CLDR. A cikin wannan ma'ajiya akwai Hausar Najeriya, akwai ta Nijar, akwai ta Gana. Babu ta Kamaru. Idan manhaja ta nemi Hausa haɗe da Kamaru, taskar ba ta tsayawa ta ce ba ta samu ba. Shiru take yi ta miƙo ƙasar da take ganin ta fi dacewa da harshen, wato Najeriya. Tela a Briqueterie da ya zaɓi Hausa a manhajar rubuta rasit, in marubucinta ya jingina komai ga bayanin yanki, zai ga kuɗin ɗinkinsa da alamar naira, da sifili biyu na kwabo a bayansu, alhali sefa ba ta da kwabo. In ya yi dabara ya zaɓi Hausar Nijar, sai ya sami sefa, amma ta Afirka ta Yamma, wadda bankin BCEAO na Dakar ke bugawa. Tasa sefar ta Afirka ta Tsakiya ce, bankin BEAC ke buga ta, kuma hedkwatar wannan banki tana nan cikin birnin Yawunde, garin da yake zaune. Darajarsu ɗaya ce a gaban yuro, 655.957, amma takardunsu daban, alamominsu a harkar banki daban, XOF da XAF, kuma mai shago a Yawunde ba ya karɓar takardar Maraɗi. Mutum yana zaune gari ɗaya da bankin da ke buga kuɗinsa, kwamfutarsa tana ce masa in yana son harshen uwarsa sai ya yi lissafi da kuɗin wata ƙasa.

Masu kare wannan hali suna da hujjoji, kuma ya kamata a ji su kafin a rushe su. Ta farko, wai Hausawan Kamaru sun iya Faransanci, to su zaɓi Faransancin Kamaru su huta. Wannan hujja ita ce ainihin cutar, an yi mata rawani. Da ita za a iya hana kowane harshe na Afirka shiga kwamfuta, tun da kusan ko'ina akwai harshen Turawa da 'yan boko suka iya. Kuma ba gaskiya ba ce ga kowa: dattijon da ya yi shekara arba'in yana sayar da yadi yana iya ciniki da Faransanci, amma karanta gargaɗin manhaja kafin ya goge lissafin shekara guda wani abu ne daban. Tsarin mulkin Kamaru na 1996 da kansa, bayan ya ambaci Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan hukuma, ya ɗora wa ƙasa nauyin karewa da bunƙasa harsunan gida.

Hujja ta biyu ta fi wayo: wai ba zai yiwu a yi wa kowace unguwa ta duniya nata bayanin yanki ba. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya nema. Abin da ake nema ya fi wannan sauƙi, ya kuma girmi yawancin masu rubuta manhaja na yau. Tsarin Unix ya daɗe da raba waɗannan abubuwa gida-gida: LC_MESSAGES na harshen saƙonni, LC_MONETARY na kuɗi, LC_TIME na kwanan wata, LC_NUMERIC na lambobi, LC_COLLATE na jerin haruffa. Kowanne ana iya saita shi shi kaɗai. Windows ma ta raba harshen fuska da tsarin yanki. QSettings kuwa ba ta hana kowa ajiye suna uku a maimakon ɗaya ba: harshe daban, kuɗi daban, tsarin lambobi daban. Layi uku ne a cikin fayil. Marubucin da ya cure su wuri ɗaya ya yi akwatin zaɓi guda mai jerin tutocin ƙasashe, lalaci ne ya sa shi, ko kuma ya taso a ƙasar da harshe da kuɗi da iyaka suka zo daidai, ya zaci haka Allah Ya yi duniya. Hausa ba ta taɓa zama haka ba. Daga Agadas zuwa zangon Kumasi, daga Kano zuwa Sudan, harshe ne da ya riga iyakokin nan zuwa.

Akwai kuma batun inda manhaja ke faɗawa idan fassarar Hausa ba ta cika ba, kuma da wuya a ga wadda ta cika. Abin da aka saba shi ne duk jimlar da ba a fassara ba ta fito da Ingilishi, domin da shi aka rubuta manhajar. Ga ɗalibin Zariya wannan daidai ne. Ga na Briqueterie ko na Damagaram, an fid da shi daga rana an saka shi a wuta: ya zaɓi Hausa, ya sami rabin fuska da harshen da ya fi Faransanci yi masa nisa, sai ya koma Faransancin gaba ɗaya ya ce Hausar kwamfuta ba ta da amfani. Maganin yana nan a ajiye. Tsarin fassara na GNU yana karɓar jerin harsuna bisa fifiko, a rubuta ha:fr, ma'ana a nemi Hausa, in babu a nemi Faransanci. Qt tana yarda a ɗora kundin fassara fiye da ɗaya, kuma tana fara dubawa daga wanda aka ɗora a ƙarshe. A ɗora na Faransanci, a ɗora na Hausa a kansa, magana ta ƙare. Abin da ya rage kawai shi ne saitin harshe ya zama jeri, QSettings kuwa ta iya ajiye jeri.

Sai maganar ƙugiya, wadda ita ta fi shafar ɗalibi kai tsaye. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya ƙarfafa su, kuma Unicode ta ba su lambobi tun farkon shekarun 1990: ɓ tana da 0253, ɗ tana da 0257, ƙ tana da 0199, ƴ tana da 01B4. Duk da haka, har zuwa Qt ta 5, idan aka ajiye kalmar «ƙasa» a fayil ɗin saiti ba tare da marubucin ya nemi wani tsari na musamman ba, abin da ke sauka a fayil ɗin shi ne \x199 a gurbin harafin farko. Manhaja tana karanta abinta daidai, babu abin da ya ɓace, amma ɗan Adam da ya buɗe fayil ɗin don ya gyara ba zai gane sunan garinsu ba. Sai da Qt ta 6 ta fito a Disamba 2020 aka mai da UTF-8 ya zama zaɓin da ake tararwa ga ƙimomi. Sunayen saiti kuwa har yanzu ana rubuta su a lulluɓe, ƙ ta koma %U0199, don kada tsofaffin manhajoji su ruɗe. Wannan gyara ne na gaske, a yaba wa waɗanda suka yi shi.

Ɓarnar da ta fi wannan tana hannun marubutan manhaja da ke matse rubutu zuwa tsohon tsarin Latin-1 kafin su ajiye. Wannan tsari yana da é da ç da sauran kayan Faransanci, amma ba shi da ƙugiya ko ɗaya. Duk harafin da bai sani ba sai ya mai da shi alamar tambaya, kuma abin da ya zama alamar tambaya ba ya dawowa. A nan ne zaman Kamaru ke daɗa wa Bahaushe ciwo. Mai gwada manhaja a Yawunde ko Duwala zai rubuta sunaye masu é, ya ga sun fito lafiya, ya rantse cewa manhajarsa tana karɓar baƙin haruffa. Ba zai san ta kasa ba sai ranar da wani ya rubuta «Ɗanladi». Daga nan mai amfani ya koyi darasi mummuna: ya daina sa ƙugiya don a zauna lafiya. Haka ƙafa ke komawa kafa, ɓata ta koma bata, faɗa ya koma fada, ƙare ya koma kare, baƙi ya koma baki. Masu cewa «ai za a gane» su gwada aika wa mutum cewa sun tarar da shi a fada alhali faɗa suke nufi. Mai jin Hausa tun yarinta yana iya cike gurbin daga ma'ana. Ɗalibin da ke koyo ba shi da wannan jari, abin da ya gani a rubuce shi zai furta.

Jerin suna ma haka: manhajar da ke jera kalmomi bisa lambobin haruffa tana jefa ɓ da ɗ da ƙ can bayan z, alhali ƙamus na Hausa yana sa kowace a bayan 'yar'uwarta. Taskar tana da kayan jeri na gaskiya, amfani da su ne ba a yi.

Wani tarko kuma ƙarami ne amma yana cizo. Faransanci yana raba ɓangaren lamba da waƙafi, Ingilishin Najeriya yana raba dubbai da shi, don haka 1,500 ɗaya da rabi ne a Yawunde, dubu da ɗari biyar a Kano. Marubucin da ya ajiye lamba a saiti a matsayin rubutun da aka riga aka yi wa ado da tsarin yanki ya binne nakiya ga duk wanda zai sauya harshe daga baya. Kuma a fayil ɗin QSettings, waƙafin da ba a killace da alamar zance ba yana nufin jeri ne. Wanda ya buɗe fayil ya rubuta 1,500 da hannunsa, taskar za ta karanta abu biyu, 1 da 500. Lamba a ajiye ta tsirara, a yi mata ado lokacin nunawa kawai.

Hujja ta uku ta masu kare halin ita ce: ai mai amfani yana iya shiga saiti ya canza. Wannan magana tana zaton kowa da kwamfutarsa. A unguwa irin Briqueterie, kamar a Sabon Garin Kano ko kasuwar Maraɗi, mutane da yawa suna haɗuwa da kwamfutar tebur ne a shagon buga takardu, inda inji ɗaya da asusu ɗaya ke hidimar duk wanda ya shigo. Abin da na safe ya saita, na rana ya rushe. Don irin wannan wuri aka yi matakai na uku da na huɗu na tsanin nan, inda mai shago zai iya shimfiɗa zaɓi sau ɗaya, a foldar /etc/xdg ko a HKEY_LOCAL_MACHINE, kowa ya tarar. Kuma QSettings tana yarda a nuna mata fayil takamaimai, don haka manhaja na iya ajiye saitinta a kan filashin mai ita, ya tafi da harshensa a aljihu daga shago zuwa shago. Manhajar da ta ba da wannan dama ta san Afirka. Wadda ta hana kuwa an rubuta ta ne don mai ofis da kujera mai juyawa.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ma'ajiyar CLDR ba wahayi ba ce. Mutane ne ke cika ta, kuma tana da ƙofar karɓar gyara da ƙari daga masu harshe. A cikinta akwai Ewondo, harshen 'yan asalin Yawunde, akwai Duwala, akwai Basa, akwai Fulatancin Kamaru har da rubutu iri biyu, na boko da na Adlam. Waɗannan ba su faɗo daga sama ba, wasu ne suka zauna suka rubuta sunayen watanni da ranaku da tsarin kuɗi suka miƙa. Hausa, wadda ta fi su duka yawan masu magana in aka haɗa ƙasashe, ba ta da gurbi a ƙarƙashin Kamaru. Masana Hausa sun ɓata shekaru suna jayayya a kan ko a raba «shi ne» ko a haɗe, sun bar wurin da na'ura ke koyon ko su wane ne su babu mai tsaro. Aikin kuma ba mai yawa ba ne, domin bayanin yanki na ƙasa yana gadon kusan komai daga uwar harshen. Abin da za a rubuta shi ne inda aka saɓa kawai.

Amma kafin a rubuta shi akwai tambayar da injiniya ba zai iya amsawa ba, sai masu harshen. Najeriya tana rubuta 'ya'ya da alamar ɗauri a gaban y. Nijar, bisa ƙa'idar rubutunta ta 1999, tana rubuta ƴaƴa da ƙugiya. Kamaru tana da nata babban jerin haruffa na harsunan ƙasa, wanda aka amince da shi a Yawunde a 1979 ƙarƙashin jagorancin Maurice Tadadjeu da Etienne Sadembouo, kuma ƴ tana ciki, Fulatancin ƙasar ma da ita yake rubutu. Littattafan Hausa da ke shigowa Briqueterie kuwa, da finafinai da waƙoƙi, yawancinsu daga Kano suke. Ɗalibin unguwar yana tsakanin biyu: harafin da ƙasarsa ta tanada, da wanda yake gani a littafin da ke hannunsa. Na'ura tana ɗaukar 'y da ƴ abu biyu mabambanta, wanda ya nemi ɗaya a cikin takarda ba zai sami ɗayan ba, kuma allon rubutun Faransa da ke kan teburan shagunan Yawunde ba shi da maɓallin ƴ. Malaman Hausa na Yawunde da Garwa da Ngaundere ne ya kamata su zauna su ce ga wanda za a bi, su rubuta shi, su miƙa.